Tambayoyi da amsoshi kan ClassCastException da jerin bayanai masu jenerik a Java

Wannan shafi na masu rubuta manhaja da Java ne, musamman waɗanda shirinsu ya wuce kwamfaila (manhajar da ke fassara shiri zuwa umarnin inji) lafiya lau, sannan ya faɗi a hannun mai amfani da saƙon ClassCastException, alhali a layin da aka nuna babu inda suka tilasta wa wani abu nau'i. Yawancin amsoshin sun tsaya a kan Java ne, amma an taɓo C# da Kotlin a inda kwatanta su zai ƙara haske.

Mene ne amincin nau'i, kuma wa ke tsaronsa?

Kowane abu da shirin Java ya ƙirƙira yana ɗauke da shaidar ajinsa tun daga ƙirƙirarsa har ya gushe daga ƙwaƙwalwa. Amincin nau'i shi ne tabbacin cewa ba za a ɗauki lamba a yi mata aikin rubutu ba, kuma ba za a kira metod a kan abin da ajinsa bai san wannan metod ba. Masu tsaron biyu ne. Na farko shi ne kwamfaila, wato javac, wanda yake duba abin da aka rubuta kafin shirin ya fara aiki. Na biyu shi ne JVM, wato injin da ke gudanar da shirin Java, wanda yake duba ainihin abin da ke cikin ƙwaƙwalwa yayin da shirin ke gudana.

ClassCastException yana fitowa ne idan mai tsaro na biyu ya kama abin da ya kuɓuce wa na farko. A harshen C, tilasta nau'in da bai dace ba na iya sa shiri ya karanta ƙwaƙwalwa ba daidai ba kuma ya ci gaba da aiki a kan ɓarna, amma JVM tsayawa yake yi ya faɗi abin da ya gani. Duk manufar jenerik, wato faɗin nau'in abin da jeri zai ƙunsa tun a rubutun shiri, ita ce a mayar da wannan binciken hannun kwamfaila, domin kuskuren da aka gani a kan teburin mai rubutu ya fi sauƙin gyara nesa ba kusa ba a kan wanda aka gani bayan manhaja ta shiga hannun jama'a.

Kafin zuwan jenerik, yaya ake ajiye abubuwa a jeri?

Java ta fito a 1996 da Vector da Hashtable, sannan a 1998 Java 1.2 ta kawo List da Set da Map da danginsu. Dukkansu Object suke karɓa, Object kuma suke mayarwa, saboda haka duk wanda zai ciro abu sai ya faɗa wa kwamfaila da bakinsa ko mene ne:

```java
List sunaye = new ArrayList();
sunaye.add("Hadiza");
sunaye.add(new Integer(42));
String na2 = (String) sunaye.get(1);
```

Kwamfailan wancan zamani ba shi da abin cewa a kan layi na uku, domin a wurinsa jeri ne na komai da komai. Sai shirin ya kai layi na huɗu yake faɗuwa. Jenerik ya shigo ne da Java 5 a 2004, bisa wani aiki mai suna GJ wanda Gilad Bracha da Martin Odersky da David Stoutamire da Philip Wadler suka gabatar a 1998. Daga nan mutum ya sami damar rubuta `List<String>`, kuma kwamfaila ya sami hurumin ƙin layi na uku tun kafin a je ko'ina.

Ni ban rubuta tilastawa ko ɗaya ba. Daga ina ClassCastException ya fito?

Kwamfaila ne ya rubuta maka ita. Wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, kuma wanda ya fahimce ta sauran za su zo masa da sauƙi.

Java tana aiwatar da jenerik ne ta hanyar shafe nau'i. Bayan kwamfaila ya gama bincikensa, sai ya cire abin da ke tsakanin alamomin `<` da `>` daga umarnin da zai bai wa injin. `List<String>` ya koma `List` kawai, `T`, harafin da ke wakiltar nau'i, ya koma Object, ko kuma ya koma iyakarsa idan an sa masa iyaka, misali `T extends Number` ya koma Number. Tun da `get` a matakin injin Object yake mayarwa, a duk inda ka karɓi sakamakon a matsayin String, kwamfaila yakan cusa umarnin `checkcast` a ɓoye. Wato abin da mutanen 1998 suke rubutawa da hannu yana nan bai tafi ba, ido ne kawai ya daina ganinsa.

Ana iya ganin wannan da ido. Ka harhaɗa ajin da ke ɗauke da `String s = sunaye.get(0);` sannan ka ba da umarnin `javap -c` a kansa. Za ka ga layin `invokeinterface` da ke kiran `List.get`, kuma nan take a ƙarƙashinsa ga `checkcast` yana nuni ga `java/lang/String`. A ganina ya kamata kowane mai koyon Java ya yi wannan gwaji ko da sau ɗaya, domin bayansa ba zai ƙara ɗaukar `ArrayList<String>` a matsayin wani aji daban da `ArrayList<Integer>` ba. A lokacin aiki aji ɗaya ne, kuma `getClass()` a kan kowannensu amsa ɗaya zai bayar.

Me ya sa aka zaɓi wannan hanya tun da tana da wannan rauni?

Saboda a 2004 an riga an rubuta ɗimbin manhajoji da laburarori da tsohon salo, kuma kamfanin Sun, wanda ya ƙirƙiri Java, ya so tsohon shiri da sabo su riƙa miƙa wa juna jeri ɗaya ba tare da an sake rubuta komai ba. Da shafe nau'i, ArrayList ɗin da aka sani tun 1998 shi ne ya zama mai jenerik, ba a ƙirƙiri wani sabo a gefensa ba. An sami abin da ake nema, amma an biya farashi: ba a iya rubuta `new T()` ko `new T[10]`, babu `List<int>`, kuma aji ɗaya ba zai ɗauki metod biyu masu suna ɗaya ba idan bambancinsu kawai shi ne ɗaya na karɓar `List<String>` ɗaya kuma `List<Integer>`, domin bayan shafewa sun zama abu guda.

Layin da kuskuren ya nuna ba shi da aibu ko kaɗan. Ina laifin yake?

Laifin yana inda aka saka abin, kuskuren kuwa yana fitowa ne inda aka ciro shi, kuma tsakanin wuraren biyu ana iya samun fayiloli da yawa da awoyi masu yawa na aiki. Dubi wannan:

```java
static void kara(List jeri) {
    jeri.add(42);
}

List<String> sunaye = new ArrayList<>();
sunaye.add("Hadiza");
kara(sunaye);
System.out.println(sunaye);
for (String s : sunaye) {
    System.out.println(s.length());
}
```

Metod ɗin `kara` ya karɓi ɗanyen nau'i, wato `List` ba tare da an faɗi abin da ke ciki ba. An bar wannan ƙofa a buɗe ne saboda tsofaffin shirye-shirye, kuma abin da kwamfaila ke yi a nan gargaɗi ne kawai. Lamba 42 ta shiga jerin rubutu salin alin. Layin da ke buga jerin gaba ɗaya zai nuna `[Hadiza, 42]` ba tare da matsala ba, `size()` zai ce biyu, `Object abu = sunaye.get(1)` ma zai wuce, domin babu ɗayansu da ya buƙaci String. Sai zagayen `for` ya kai abu na biyu sannan a ga:

```
class java.lang.Integer cannot be cast to class java.lang.String
```

Lamarin kamar buhu ne da aka rubuta wa “gero” a jiki, wani ya zuba dawa a ciki a rumbu: mai ɗauka da mai sayarwa duk rubutun za su karanta su wuce, sai wadda ta kwance bakin buhun za ta ga abin da ke ciki, kuma ba ita ta zuba ba. Wannan yanayi, inda mazubi (variable) mai cewa `List<String>` yake riƙe da abin da ba String ba, shi ake kira gurɓatar ƙwaƙwalwa. Alƙawarin da Java ta ɗauka yana da sharaɗi: idan dukkan shirinka ya harhaɗu ba tare da gargaɗin `unchecked` ba, kuma ba a danne wani ba, to tilastawar da kwamfaila ya cusa ba za ta faɗi ba. Da zarar an yi biris da gargaɗi ɗaya, alƙawarin ya tashi daga kan wannan jerin.

To, yaya zan gano wurin da aka saka abin da bai dace ba?

Fara da kwamfaila. Idan javac ya ce wani fayil yana amfani da ayyukan da ba a bincika ba, taƙaitawa ya yi. Ka sake harhaɗawa da `-Xlint:unchecked` da `-Xlint:rawtypes`, zai lissafa maka kowane layi da dalilinsa. Sau da yawa mai laifin yana cikin wannan lissafi.

Idan ɓarnar daga wani laburare take wanda ba kai ka rubuta ba, akwai kayan aikin da aka tanada tun Java 5 saboda wannan matsala:

```java
List<String> sunaye =
    Collections.checkedList(new ArrayList<>(), String.class);
```

Wannan jeri yana duba kowane abu a lokacin saka shi, saboda haka ClassCastException zai fito a cikin `kara`, daidai kan layin `jeri.add(42)`, kuma sawun kuskuren zai nuna wanda ya kira shi. Akwai `checkedSet` da `checkedMap` da `checkedCollection` masu aiki iri ɗaya. Abu biyu ne za a kiyaye: ba ya bincikar abin da ya riga ya shiga kafin a naɗe jerin, kuma duk wanda yake riƙe da asalin jerin na ciki zai iya ci gaba da saka abin da ya ga dama. Shi ya sa a misalin aka ƙirƙiri ArrayList ɗin a cikin kiran kansa, ba a ba shi suna ba.

Shin laifi ne a yi amfani da @SuppressWarnings("unchecked")?

Ba laifi ba ne a inda mutum zai iya kafa hujjar cewa tilastawar daidai take. ArrayList kansa yana ajiye kayansa ne a cikin `Object[]`, kuma yana mayar da su da tilastawa zuwa `E`, wato nau'in kayan jerin, a ƙarƙashin wannan alama. Hujjarsa ita ce sahun, wato `Object[]` ɗin, na cikin gida ne, kuma ƙofar shigarsa `E` take karɓa.

Abin da ke cutarwa shi ne a ɗora alamar a kan aji gaba ɗaya don kawai layin rawaya ya ɓace daga allo. Wanda ya yi haka ya rufe bakin gargaɗin yau da duk wanda zai zo bayan shekara biyu, daga hannun mutumin da bai ma san an rufe ba. Shawarata ita ce a sa ta a kan mafi ƙanƙantar wuri, ko da za a ƙirƙiri mazubi na layi ɗaya saboda ita, kuma a rubuta dalilin amincin a samanta cikin jimla cikakkiya. Idan dalilin ya ƙi rubutuwa, yawanci babu shi ne.

Na tilasta Object zuwa List<String> kuma ya wuce, alhali lambobi ne a ciki. Me ya faru?

Injin ya duba rabin tambayar ne kawai. A `(List<String>) abu`, abin da zai iya tabbatarwa shi ne abin List ne. Ɓangaren String an shafe shi, babu abin da za a gwada da shi. Saboda wannan dalili ne kwamfaila yake ƙin `abu instanceof List<String>` idan `abu` Object ne, amma yake yarda da `abu instanceof List<?>`. Hanya mai aminci ita ce a karɓi jerin a matsayin wanda ba a san cikinsa ba, a duba kayan ɗaya bayan ɗaya:

```java
static <T> List<T> tace(Object abu, Class<T> aji) {
    List<T> sabo = new ArrayList<>();
    for (Object o : (List<?>) abu) {
        sabo.add(aji.cast(o));
    }
    return sabo;
}
```

Babu gargaɗi a nan, domin `aji.cast` bincike ne na gaskiya da ake yi a lokacin aiki. Idan akwai baƙo a cikin jerin, a bakin ƙofa za a kama shi, a wurin da saƙon kuskure zai yi ma'ana ga mai karanta shi.

Akuya ta gaji Dabba. Me ya hana in miƙa List<Akuya> inda ake neman List<Dabba>?

Domin da an yarda, wanda ya karɓi jerin a matsayin `List<Dabba>` yana da ikon saka Rago a ciki, kai kuma kana can kana jiran awaki zalla. Ƙin da kwamfaila ya yi shi ne ainihin kariyar.

Ruɗanin yana zuwa ne daga sahu irin na `Akuya[]`, wanda Java ta yarda a miƙa shi a matsayin `Dabba[]` tun farkonta. Bambancin shi ne sahu yana tuna nau'in kayansa a lokacin aiki, saboda haka idan aka yi yunƙurin saka Rago a ciki, injin zai jefa ArrayStoreException nan take. Jeri mai jenerik ba shi da wannan tunawa, don haka dole a tare matsalar tun a wurin kwamfaila. Wannan saɓani ne kuma ya sa aka hana `new List<String>[5]`.

Mafita ita ce alamar tambaya. Idan metod ɗinka karantawa kawai zai yi, ka rubuta `List<? extends Dabba>`: zai karɓi jerin awaki da na raguna, zai ciro kowanne a matsayin Dabba, amma ba zai iya saka komai ba in ban da `null`. Idan zubawa zai yi, ka rubuta `List<? super Akuya>`: zai iya saka Akuya, amma abin da ya ciro Object ne. Abin da ba na so in gani shi ne `(List<Dabba>) (List<?>) awaki`. Wannan tilastawa mai hawa biyu tana rufe wa kwamfaila ido ne kawai, haɗarin yana nan yadda yake.

Me ya sa (String[]) jeri.toArray() yake faɗuwa ko da duk kayan String ne?

Domin `toArray()` marar komai a ciki `Object[]` yake ƙirƙira, kuma nau'in sahu ba ya canzawa saboda abin da aka zuba masa. Ka rubuta `jeri.toArray(new String[0])`, ko kuma `jeri.toArray(String[]::new)` daga Java 11.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne `(ArrayList<String>) Arrays.asList("a", "b")`. Abin da `asList` ke mayarwa wani aji ne na cikin Arrays wanda shi ma sunansa ArrayList, amma ba shi ne `java.util.ArrayList` ba. Haka ma abin da `List.of` ke mayarwa. Mai buƙatar ArrayList na gaske sai ya rubuta `new ArrayList<>(jeri)`, ko da yake a mafi yawan lokuta `List` ya wadatar.

Ina karanta JSON (tsarin rubutu na musayar bayanai) sai na ga LinkedTreeMap ko LinkedHashMap ya ƙi zama ajina. Mene ne wannan?

A yau nan ma wannan kuskure yana yawan faruwa, domin kusan kowace manhaja tana karɓar bayanai daga waje. Idan ka rubuta `List<Dalibi> dalibai = gson.fromJson(rubutu, List.class);` abin da ka faɗa wa Gson, laburaren karanta JSON, shi ne kana son jeri, ba ka faɗa masa na mene ne ba, kuma `List<Dalibi>` da ke hagu bai isa kunnensa ba. Sai ya cika jerin da abin da ya sani, wato LinkedTreeMap ga kowane ɗalibi. Jackson kuma, wani laburare irinsa, LinkedHashMap yake zubawa. Karatun zai kammala lafiya, `size()` zai ba da adadin da ake tsammani, sai an zo `dalibai.get(0).getSuna()` sannan a faɗi.

Gyaran shi ne a miƙa cikakken nau'in: `new TypeToken<List<Dalibi>>(){}.getType()` a Gson, ko `new TypeReference<List<Dalibi>>(){}` a Jackson. Waɗannan baka biyu na ƙarshe suna da aiki. Suna ƙirƙirar ƙaramin aji marar suna da ya gaji TypeToken, kuma Java tana adana bayanin jenerik na abin da aji ya gada a cikin fayil ɗinsa, ko da yake tana shafe shi daga kan abubuwan da aka ƙirƙira. Ta wannan kafa laburaren yake karanto `List<Dalibi>`. Dabarar ba ta aiki idan aka rubuta `TypeToken<List<T>>` a cikin metod mai jenerik, domin abin da aka adana a nan harafin T ne kawai. A irin wannan wuri sai a karɓi `Class<T>` a yi amfani da `TypeToken.getParameterized`.

Lambobi ma suna da nasu tarkon, kuma shi ya fi jimawa a ɓoye. Idan aka karanta JSON zuwa `Map<String, Object>`, Gson bisa al'adarsa Double yake mayar da kowace lamba, Jackson kuwa yana ba da Integer idan lambar ta shiga, ya ba da Long idan ta fi ƙarfin Integer. Iyakar Integer ita ce 2,147,483,647. Ka ɗauka manhajar biyan kuɗi ce mai amfani da Jackson da ke lissafi da kwabo, an rubuta `(Integer) bayani.get("kudi")`. Za ta yi ta aiki lafiya har ranar da wani ya biya abin da ya haura naira 21,474,836.47, a ranar ce Long zai iso, tilastawar ta faɗi, kuma a kan ciniki mafi girma. Rubuta `(Long)` ma ba gyara ba ne, domin Integer ba ya zama Long ta hanyar tilastawa. Abin da ya dace shi ne `((Number) bayani.get("kudi")).longValue()`, ko ma a daina amfani da Map ɗin a rubuta aji mai filin `long`.

Haka lamarin yake a ma'ajiyar bayanai. A JPA, tsarin Java na hulɗa da ma'ajiyar bayanai, `Query.getResultList()` ɗanyen List yake mayarwa, kuma idan tambayar ta zaɓi ginshiƙi fiye da ɗaya, kowane layi `Object[]` ne. `TypedQuery`, wanda ake samu idan an miƙa ajin ga `createQuery`, shi ne hanyar da ta fi aminci.

TreeSet ya ce ajina ba zai zama Comparable ba, alhali jenerik ɗina daidai ne.

TreeSet da TreeMap suna jera kayansu ne, kuma idan ba a ba su Comparator ba, sai su tilasta kowane abu zuwa Comparable a lokacin aiki. Ba a sa wannan sharaɗi a kan `E` ba saboda a bar hanya ga masu kawo nasu Comparator, don haka kwamfaila ba zai yi magana ba. Daga Java 7, abu na farko ma da aka saka ya isa ya tayar da kuskuren. Ko dai ajin ya aiwatar da `Comparable`, ko a rubuta irin `new TreeSet<>(Comparator.comparing(Dalibi::getSuna))`.

Akwai inda nau'i ke saɓawa amma babu wani kuskure da zai fito?

Akwai, kuma a ganina ya fi wanda ke faɗuwa haɗari. `Map.get` da `containsKey` da `List.contains` da `remove` duk Object suke karɓa. Idan kana da `HashMap<Long, Dalibi>` ka rubuta `get(7)`, kwamfaila zai naɗe 7 a matsayin Integer, kuma Integer 7 ba ya daidai da Long 7 a wurin `equals`, saboda haka amsar `null` ce, kamar ɗalibin ba ya nan. Sai an rubuta `get(7L)`. Haka kuma a `List<Integer>`, `remove(1)` yana cire abin da ke matsayi na 1 ne, mai son cire lambar kanta sai ya rubuta `remove(Integer.valueOf(1))`. Kayan rubutu irin su IntelliJ IDEA suna ja layi a ƙarƙashin irin kiran farko, kuma ya kamata a saurare su.

Saƙon ya ce ajin Dalibi ba zai zama Dalibi ba. Ta yaya?

A wurin JVM, shaidar aji ita ce sunansa haɗe da wanda ya loda shi. Idan masu loda aji biyu suka loda fayil ɗaya, kamar yadda kan faru a sabar da ke ɗauke da manhajoji da yawa ko idan laburare ɗaya ya shigo ta hanya biyu, sun zama aji biyu mabambanta. Wannan ba matsalar jenerik ba ce. Daga Java 11 saƙon yana ambaton mai lodin kowanne, kuma gyaran yana wurin tsara laburarori.

Metod mai siffar <T> T samo(String suna) yana da aminci?

Ba shi da shi, matuƙar babu abin da ya ɗaure T da abin da aka miƙa. Irin wannan metod yana mayar da duk nau'in da mai kira ya nema a hagu, kuma gargaɗin yana ɓoye a cikinsa, mai kiran ba zai ga komai ba. Masu rubuta manhajar Android sun san misalinsa: a da `findViewById` View yake mayarwa, ana tilastawa da hannu, daga Android 8.0 a 2017 ya zama mai jenerik, aka huta da rubuta tilastawar, amma idan abin da ke shimfiɗar allon TextView ne kai kuma ka karɓe shi a matsayin Button, faɗuwar tana nan. A naka aikin, ka fi son siffar `<T> T samo(String suna, Class<T> aji)` mai amfani da `aji.cast` a ciki.

C# da Kotlin sun tsira daga wannan?

C# ta bi wata hanya. Jenerik ɗinta, wanda Don Syme da Andrew Kennedy suka tsara a cibiyar binciken Microsoft da ke Kambirij a Ingila, ya fito da .NET 2.0 a 2005, kuma injin kansa aka gyara don ya riƙe nau'in. A can `List<string>` da `List<int>` nau'i biyu ne har a lokacin aiki, saboda haka tilasta ɗaya zuwa ɗaya ta hanyar `object` yana jefa InvalidCastException a kan layin da aka yi shi. Farashin da suka biya shi ne sababbin azuzuwa a `System.Collections.Generic`, tsohon ArrayList kuma ya zauna a gefe da halinsa na da: `foreach (string s in tsohonJeri)` yana ɗauke da ɓoyayyiyar tilastawa da za ta faɗi idan ta ci karo da lamba. Sahu ma a C# yana da raunin nan na Java, sunan kuskuren ne ya zama ArrayTypeMismatchException.

Kotlin a kan JVM ta gaji shafe nau'i yadda yake. `as List<String>` gargaɗi kawai yake jawowa, kuma `as?` ma ba ya leƙa cikin jerin. Abin da ta ƙara shi ne `reified` a metod na `inline`, wanda da shi `filterIsInstance<String>()` yake iya tace jeri da bincike na gaskiya.

Ba zan iya kama ClassCastException da try da catch in wuce ba?

Za ka iya, amma jerin ya riga ya gurɓace, kuma duk wani wuri da ke karanta shi yana cikin haɗarin da ka kauce wa a nan. Idan da gangan jerin ya ƙunshi nau'i daban-daban, to a faɗi gaskiya a nau'insa: a ba kayan uwa ɗaya da suka gada, a rarrabe su da `instanceof`, wanda daga Java 16 yake ba da mazubi kai tsaye, kamar `if (o instanceof String s)`. Daga Java 17 ana iya rufe uwar da `sealed`, kuma a Java 21 `switch` a kan irin wannan uwa yana sa kwamfaila ya tabbatar ba a manta da ko ɗaya daga 'ya'yanta ba.

Na gaji tsohon aiki mai ɗaruruwan gargaɗi. Daga ina zan fara?

Daga bakin iyaka, wato wuraren da bayanai ke shigowa daga waje: karatun JSON, sakamakon ma'ajiyar bayanai, abin da aka ciro daga zaman mai amfani ko ma'ajiyar wucin gadi a matsayin Object, da kiran tsofaffin laburarori masu mayar da ɗanyen List. A kowane ɗayansu a sa metod guda da ke bincikar kayan ya mayar da jeri mai cikakken nau'i, irin `tace` da ke sama, ta yadda sauran shirin ba zai ƙara taɓa ɗanyen ba. Bayan haka a bi sa hannun metod na fili a ba su nau'insu, domin gyara ɗaya a nan yakan kashe gargaɗi da yawa a wuraren da ake kiransa. Inda ba a san abin da ke cikin jeri ba tukuna, `List<?>` ya fi ɗanyen `List`, tun da yana barin karatu yana hana zubawa. Duk ɓangaren da ya tsarkaka, a kunna masa `-Xlint:unchecked` da `-Xlint:rawtypes` tare da `-Werror` a Maven ko Gradle, domin sabon gargaɗi ya tsayar da harhaɗawa a ranar da aka rubuta shi, sannan a matsa zuwa ɓangare na gaba.